Google Authenticator a rumfata ta Kasuwar Dole: abin da na gani cikin shekara guda

Gyaran waya ne sana'ata, rumfata tana Kasuwar Dole a nan Damagaram. Yawancin kayan aiki daga Kano nake sarowa, amma akwai waɗanda zuciyata ba ta kwanciya da na kasuwa, kamar madubin duba injin waya da mitar awon wuta. Su a Amazon na Faransa nake saye. In biya da katin Visa, kaya su sauka wurin ƙanena da ke karatu a Liyon, in an samu mai tahowa gida ya riƙo mini. To, katin nan a maƙale yake cikin kontina, duk wanda ya shiga kamar ya zura hannu a aljihuna ne. Shi ya sa tun farko na kunna tabbatarwa ta mataki biyu: bayan kalmar sirri, sai an sa wata kode kafin ƙofa ta buɗe.

Da can ta SMS kode ɗin ke zuwa, kuma ina ganin ya wadatar. Sai wata tafiya da na yi Kano saro kaya. Muna wuce Matamaye muka tsallaka Ɗan Barto, layina ya ɗauke. Washegari ina kasuwar waya ta Farm Centre, ƙanena ya kira ta WhatsApp a wayar wani abokina, ya ce: "Yaya, madubin nan da kake so an karya masa farashi, kuma mai tafiya gida jibi zai tashi." Na zauna gaban kwamfutar abokin, na sa kalmar sirri daidai, aka ce an tura kode zuwa lambata mai +227. Lambar kuwa tana aljihuna, babu rezo ko sanda ɗaya. Ina ji ina gani garaɓasar ta wuce. Ban ga laifin kowa ba, ƙofar ta yi aikinta, ni ne na rataye mabuɗi a inda hannuna ba ya kai.

Ina dawowa gida na sauke Google Authenticator, manhajar waya da ke fitar da kode ɗin da kanta. Kyauta ce, ba ta da nauyi, ko ƙaramar Android tana ɗauka. Za ka shiga wurin tsaro na kontinka, ka zaɓi manhajar tabbatarwa maimakon SMS, sai shafin ya nuna maka tambarin QR, ka haska shi da kyamara daga cikin manhajar. Shi ke nan. Nan take lamba shida za ta fito da ɗan da'ira a gefenta yana cinyewa, duk daƙiƙa 30 sabuwa ta maye gurbin tsohuwa. Na haɗa Amazon, na haɗa Gmail da Facebook.

Abin da ya fi burge ni, ba ta neman rezo ko mega. Ban yarda ba sai da na gwada: na zare layi, na kashe intanet gaba ɗaya, lambobin suka ci gaba da juyawa, na sa ɗaya a kwamfuta ta karɓa. Dalilin shi ne tambarin QR ɗin nan yana ɗauke da wani mabuɗin sirri wanda wayarka da shafin kaɗai suka sani. Kowannensu yana haɗa mabuɗin da lokacin da agogo ya nuna, ya fitar da lamba, in sun zo ɗaya an buɗe maka. Ga wanda ke yawo tsakanin Damagaram da Kano, ko mai zuwa cin kasuwar ƙauye inda sai an hau tudu ake samun kira, wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Sannan layin da aka daɗe ba a amfani da shi ana iya sake sayar da lambarsa ga wani, saƙonninka su koma hannun baƙo. Lambar da ke cikin manhaja ba ta bin layi.

Tunda lissafin da agogo ake yinsa, dole agogon wayarka ya zama daidai. Ranar da na buɗe wayata na canza batir, agogonta ya koma baya da ƴan mintoci, duk lambar da na sa sai a ƙi ta. Har gumi ya keto mini kafin na lura. Ina mayar da shi kan saitin da waya ke daidaita lokaci da kanta, komai ya dawo.

Inda nake jan kunnen mutane shi ne ɓatan waya. Kafin watan Afrilun 2023 lambobin a cikin waya kaɗai suke zama, in ta faɗa ruwa ko aka sace sun tafi. Yanzu ana iya ajiye su a kontin Google, su biyo ka sabuwar waya. Sauƙi ne, amma ka ga Gmail ɗinka ya zama uwar mabuɗai ke nan. Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10 na shiga Gmail ɗin in waya ta ɓata, kowace mai lamba 8, sau ɗaya ake amfani da ita. Nawa na rubuta da biro a takarda, suna cikin akwati tare da takardun gidanmu a Birni. Kar ka ɗauke su hoto ka bari a cikin wayar da kake tsoron ɓatanta. Kuma ba kowane shafin sayayya ke karɓar manhajar ba, wasu har yanzu SMS ne ko imel.

Akwai kuma abin da ba ta iya tsarewa. Wata Hajiya mai sayar da atamfa da turare, kastomata ce ta shekaru, tana zaune a bencina ina canza mata gilashi, ɗayar wayarta ta yi ƙara. Na ji tana cewa "Na'am, daga kamfani? To bari in duba." Ta matso da wayar kusa da ido, ta fara karantowa: "Bakwai, biyu…" Na ajiye abin da ke hannuna na ce: "Hajiya, don girman Allah kar ki ƙarasa!" Mai kiran yana jin muryata ya katse. Babu kamfanin gaskiya da zai kira ka ya nemi kode. Da a ce ta manhaja take karanto masa, daƙiƙa 30 ta ishe shi ya shige.

Ranar ban bar ta ta tafi ba sai da muka canza kalmar sirrinta, na saka mata manhajar, ƴarta ta kwafe lambobi goman nan a bayan littafin bashinta. Ta miƙo mini dala ɗari na ce ta bar shi. Da la'asar sai ga yaro da kwalbar humra, wai in kai wa maiɗakina.