Sharhi kan ƙarafan matse kwanson harsashin Martini-Henry

Duk mai tsohuwar Martini-Henry a nan Amurka ya san matsalar ba bindigar ba ce, harsashin ne. Sojan Ingila sun karɓe ta tun 1871, da ita aka yi yaƙin Zulu a 1879, kuma da yawan waɗanda ke hannun mutane yanzu daga rumbun makaman Nepal aka kwaso su a 2003, to amma harsashinta .577/450 ba ka shiga shago ka same shi, in ma ka samu kuɗin sai ya sa ka ajiye bindigar a bango kawai kana kallo.

Shi ya sa na sayi saitin ƙarafan matse kwanso, wato gidan harsashi da ake zuba albarushi a ciki, don in riƙa haɗa harsashin da kaina, kuma gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba. Kwanson tagulla na bindigar tsuntsaye mai lamba 24 ake samowa, irin na Magtech da ake yi a Brazil, gindinsa ya kusa daidai da na Martini, sai a matse bakin ya koma siffar kwalba. Ƙarafan manya ne, zarensu, wato wajen da ake murɗa su a ɗaure a jikin inji, ya fi na sauran faɗi, don haka ba kowane injin matsi suke shiga ba, ku duba naku kafin ku tura kuɗi. Wanda ya sayar min bai faɗa ba kuma ko takardar bayani babu a kwalin, wannan ya ɓata min rai sosai.

Aikin kansa haƙuri yake so wallahi. Sai ka gasa bakin kwanson da wuta ya yi laushi, bakin kawai ba gindin ba, ka shafa mai kaɗan, ka danna kaɗan ka ɗaga ka juya ka sake dannawa, in ka ce lokaci ɗaya za ka tura shi kafaɗar ta lanƙwashe ya zama asara, in mai ya yi yawa kuma ya bar maka lotsa a kafaɗa. Bayan nan a rage tsawon ya dawo wajen inci 2.3. Siffar ba ta cika kyau sai an harba shi sau ɗaya ya buɗe ya ɗauki cikin bindigar, daga nan kam sumul, yana shiga yana fita ba gardama. Harsasan asali ma ai da siririn fallen tagulla ake naɗe su, suna maƙalewa in bindiga ta yi zafi, waɗannan sun fi su nesa ba kusa ba.

Baƙin albarushi kaɗai nake sa musu, kwanson siriri ne bindigar kuma ta haura shekara 130, sannan sai da maƙerin bindiga ya duba min ita tukuna. 'Yan uwa na gida Najeriya kuma kar a gwada, haɗa harsashi ba lasisi laifi ne babba. Mai gaggawa ya sayi kwanson da aka riga aka gama, mai son aikin hannu kuma ya sayi saitin nan.