Na'urar auna oksijin ta yatsa: amfaninta ga dattijo mai tattaki, da abin da ba ta iya gani

Tun lokacin annobar korona wannan 'yar na'ura ta shiga gidaje, yanzu kuwa da wuya a shiga babban kemis a rasa ta. Ana maƙala ta a kan yatsa, cikin 'yan daƙiƙoƙi ta fito da lambobi biyu: SpO2, wato yawan oksijin da jini ya ɗauka, da PR, wato bugun zuciya a minti ɗaya. 'Ya'ya da yawa suna saya wa iyayensu ita da zarar likita ya ce Baba ko Inna su fara tattaki, kuma galibi da tunani guda suke saye: idan allo ya nuna 97 ko 98, to ƙwaƙwalwar tsoho tana samun isasshiyar iska. Hukuncinmu a kanta shi ne ta cancanci kuɗinta, musamman ga mai ciwon huhu ko na zuciya, amma wannan tunanin kuskure ne, kuma kuskure ne da ke iya kai dattijo ƙasa.

Irin da muke magana a kai ita ce mai sauƙin kuɗi ta gida, mai cin ƙananan batir biyu na AAA. A cikin bakinta akwai fitilu biyu, ɗaya ja, ɗaya kuma mai hasken da ido ba ya gani. Hasken yana ratsa yatsa ya faɗa kan wani ɗan ido da ke ɗaya gefen. Himogulobin (sinadarin cikin jini mai dakon oksijin) da ya ɗauki oksijin da wanda bai ɗauka ba sun bambanta wajen shan waɗannan haskoki, sai na'urar ta bi kumburin jijiya a kowane bugu ta yi lissafi. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabarar a farkon shekarun 1970. Abin lura shi ne lissafin ya dogara kacokan ga bugun jini a yatsa. Duk abin da ya raunana bugun ko ya tare hasken, ya ɓata lambar.

Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na oksijin da jiki ke amfani da shi, kuma jinin da ke ratsa ta a minti ɗaya ya kai mililita 750 ko kusa da haka. Ba ta da rumbun ajiya. Oksijin da zai kai gare ta ya rataya a kan abu uku: cikar jinin da oksijin, yawan himogulobin ɗin kansa, da yawan jinin da ke isa kai. Na'urar yatsa na farkon kaɗai take gani. Kamar mutum ne ya leƙa kurar ɗan garuwa ya ga kowace jarka cike take fal, amma bai san jarka nawa ke kan kurar ba, bai kuma san ko kurar ta iso gidan ba. Tsohuwa mai ƙarancin jini za ta iya nuna 99 tana kuma haki. Dattijon da jijiyoyin wuyansa suka tsuke zai iya nuna 98 alhali jinin da ke hawa kansa ya ragu.

Abin da masu bincike ke auna oksijin na ƙwaƙwalwa da shi lokacin tafiya wata na'ura ce daban, fNIRS, mai kama da ɗamarar da ake ɗaurawa a goshi. Ita ma da haske take aiki, tushenta aikin Frans Jöbsis ne na 1977. Tana aika hasken ta cikin ƙoƙon kai, ido mai karɓa yana nesa da fitilar da kusan santimita 3, sai ta karanta canjin jini a saman ƙwaƙwalwa ta gaba, sashen da ke kula da mai da hankali da tsara abin da za a yi. Roee Holtzer da abokan aikinsa a Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein da ke Amurka sun nuna a 2011 cewa idan mutum yana tafiya yana kuma wani aikin tunani da baki, oksijin a wannan sashe yana ƙaruwa fiye da lokacin da yake tafiya kawai. Wasu binciken da suka biyo baya sun ga cewa tsofaffi da yawa suna dogara ga wannan sashe ko a tafiya zalla, abin da ƙafar matashi ke yi ba tare da tunani ba. Wannan ne ya sa za ku ga dattijo ya tsaya cak a hanya idan aka yi masa tambaya, sai ya amsa sannan ya ci gaba. Ba rashin ƙarfi ba ne kawai, ƙwaƙwalwar ce ta kasa raba kanta gida biyu, kuma likitoci sun daɗe da ɗaukar wannan a matsayin alamar haɗarin faɗuwa. Na'urar yatsa ba za ta nuna ko ɗaya daga cikin wannan ba. Idon mai rakiya ne zai gani.

To ina amfaninta? Tana gaya muku ko huhu da zuciya suna iya ɗaukar nauyin tafiyar. Ga yadda ake samun lamba mai ma'ana. Dattijo ya zauna ya huta minti 5. A murza hannun ya yi ɗumi, a sa na'urar a ɗan tsakiya ko manuniya, farce na fuskantar sama, hannu a kan cinya ba motsi. Kada a ɗauki lambar farko da ta fito, a jira daƙiƙa 30 zuwa 60 har ta zauna wuri ɗaya, sannan a rubuta ta tare da bugun zuciya. Daga nan a yi tafiyar minti 6 a shimfiɗaɗɗen fili, zai fi kyau a auna mita 30 a tsakar gida ko soro ana zuwa ana dawowa, da saurin da shi kansa ya ga zai iya. Da tsayawa a maƙala na'urar nan take, domin idan aka yi jinkirin minti ɗaya ko biyu lambar ta riga ta farfaɗo, abin da ake nema ya wuce. A sake aunawa bayan minti 1 da kuma bayan minti 3.

Ga mai lafiyar huhu, 95 zuwa 100 ake tsammani, kuma tattaki ba ya saukar da ita sosai. Idan ta faɗi da maki 4 ko fiye daga ta hutu, ko ta sauka ƙasa da 90, a dakata a zauna, a kai maganar asibiti ko da mutum ya ce lafiyarsa ƙalau. Idan a zaune ma 92 ce ko ƙasa, ba ranar tattaki ba ce, ranar ganin likita ce. Masu daɗaɗɗen ciwon huhu sukan zauna tsakanin 88 da 92, su likitansu ne zai ba su iyakarsu. Mazauna tudu irin Jos su ma kan ga lambarsu ta ɗan yi ƙasa kaɗan.

Babban rauninta a wurin tattaki shi ne motsi. Idan aka bar ta a yatsa ana tafiya ana kaɗa hannu, jinin da ke kai-komo a yatsan yana ruɗa ta, sai ta nuna 85 ga mutumin da ba abin da ya same shi, ko allon ya koma layi-layi. Masu arha ba su da dabarar tace motsi irin ta na'urorin asibiti. Kada a bar tsoho yana tafiya yana kallon yatsansa, ga lambar ƙarya ga tuntuɓe. Sanyin hunturu ma haka, safiya ce lokacin da dattijai suka fi son fita bayan sallar asuba, kuma a lokacin ne jijiyoyin yatsu suka fi tsukewa. Jan farce mai duhu da baƙin lalle suna tare haske, jan lalle na gargajiya bai cika hana ta aiki ba. Idan duk yatsun Hajiya sun sha lalle, a nemi wanda ya fi koɗewa. Hasken rana kai tsaye yana shiga bakin na'urar, a rufe hannun da mayafi ko hula.

Akwai wata matsalar da ta shafe mu kai tsaye, kuma mai sayarwa ba zai faɗe ta ba. A watan Disamba na 2020 Michael Sjoding da abokan aikinsa na Jami'ar Michigan suka kwatanta lambar na'urar yatsa da gwajin jinin jijiya. A inda na'urar ta nuna 92 zuwa 96, kusan kashi 12 cikin 100 na awon baƙaƙen fata ainihin oksijin ɗinsu ƙasa da 88 yake, a farar fata kuwa kusan kashi 4. Wato ninki uku. A watan Fabrairu na 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa launin fata na cikin abubuwan da ke shafar daidaiton waɗannan na'urori. Kuskuren yana karkata ne zuwa sama, ta nuna lafiya inda babu. Ko ba wannan ba, na'ura mai kyau ma tana iya kauce wa gaskiya da maki 2 zuwa 3. Saboda haka 93 a yatsan dattijonmu mai haki ba abin kwantar da hankali ba ne. Abin da ya fi amfani shi ne kwatanta mutum da kansa: a riƙe littafi, a rubuta lambarsa ta yau da kullum da na'ura guda da yatsa guda, a lura da ranar da ta kauce.

Hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki shi ne inda ta fi yaudara. Iskar kabon monoksaid tana manne wa himogulobin, na'urar kuma ta ɗauke ta a matsayin oksijin, ta nuna 98 ga mutumin da gubar ke ci. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya a irin wannan ɗaki, a fitar da mutum waje a nufi asibiti, a manta da allo.

Lamba ta biyu, bugun zuciya, a ganinmu ta fi ta farkon amfani ga dattijo mai lafiyar huhu. Ƙiyasin da aka saba na iyakar bugun zuciya shi ne a cire shekaru daga 220. Ɗan shekara 70 iyakarsa 150 ke nan, tattaki matsakaici kuma rabin wannan ne zuwa kashi 70 cikin 100, wato 75 zuwa 105. Ƙiyasi ne kawai. Mai shan magungunan zuciya da hawan jini irin su atenolol ko propranolol bugunsa ba zai tashi haka ba, kada a matsa masa ya kai wata lamba. A nan gwajin baki ya fi: idan yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba, saurin ya yi daidai. Idan lambar tana tsalle a zaune, 70 yanzu 110 an jima, a taɓa jijiyar wuyan hannu a ji. Bugu marar tsari yana buƙatar gwajin zuciya a asibiti, domin yana cikin abubuwan da ke kawo shanyewar ɓarin jiki.

Wanda damuwarsa jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ne, na'urar awon jini ta dantse ce ta fi kusa da amsa masa. Jiri da duhun ido da ke kama tsofaffi a farkon tafiya galibi faɗuwar jini ce lokacin miƙewa. A kwantar da mutum minti 5 a auna, ya miƙe a auna bayan minti 1 da minti 3. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10, wannan ne, kuma maganin hawan jini, maganin sa fitsari, zafin bazara da azumi duk suna ƙara shi. Na'urar yatsa a wannan lokacin 97 za ta ci gaba da nunawa. Mai irin wannan ya zauna a bakin gado ya motsa ƙafafu, ya sha ruwa, ya miƙe a hankali kafin ya ɗaga ƙafa. Karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu ɗaya kuwa ba sa jiran awon komai.

Wajen saye, a zaɓi mai nuna igiyar bugu tana hawa da sauka a allo, ko mai lambar PI, wato ƙarfin bugun jini a yatsa, domin su ne ke shaida cewa na'urar ta kama bugu sosai. Idan igiyar ta wargaje, lambar banza ce. Lambobin su zama manya, masu juyawa ta kowane ɓangare. A gwada ta a kantin: a ƙirga bugun wuyan hannu na minti ɗaya a kwatanta da nata, a kuma matsa bakinta a ji ko sifirin ɗin yana riƙe siririn yatsa. Wadda aka rubuta a kwalinta cewa ta wasanni ce ba ta aikin lafiya ba, a bar ta. In an je asibiti a tafi da ita a gwada kusa da tasu. Batir mai rauni yana kawo lambobin shirme, kuma idan za a ajiye ta wata guda a cire batir kada ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen. A goge fitilar da auduga da ɗan sifirit, ƙurar hunturu tana dushe ta.

Tattakin kansa shi ne abin da ke amfanar ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ce masu shekara 65 zuwa sama su yi minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da atisayen ƙarfi da daidaiton tsayuwa kwana 3. A binciken Kirk Erickson da abokan aikinsa na 2011, an raba tsofaffi 120 gida biyu. Masu tattaki sun fara da minti 10, ana ƙara minti 5 kowane mako har suka kai minti 40, sau 3 a mako. Bayan shekara ɗaya sashen ƙwaƙwalwarsu mai riƙe tunani ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, na rukunin da bai yi tattakin ba kuwa ya ragu. Wannan tsarin hawa a hankali ya dace da kowane gida.

Mai asma, mai tabon tarin fuka a huhu, mai raunin zuciya ko wanda ya daɗe yana shan taba, a saya masa na'urar yatsa kafin ya fara. Dattijon da huhunsa lafiya kuma kuɗin abu ɗaya ake da shi, a fara da na'urar awon jini ta dantse da takalmi mai rufe dunduniya wanda ba ya santsi.