Gargaɗi ga masu mota a Zariya: an ci mini naira 185,000 a kan wutar cek

Jama'a, ku yi hattara da wani mai duba mota da kwamfuta da ke wajen Kwangila. Naira 185,000 ya karɓe mini, kuma wallahi bai tsaya nan ba. Kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba.

Motata Toyota Celica ce ƙirar 2001, shekara shida tana hannuna. Ina dawowa daga Samaru wutar cek ta kama, wato fitilar dashbod mai nuna akwai matsala a inji, injin kuma yana rawa duk sanda na tsaya. Wani abokin aikina ne ya turo mini bidiyon mutumin a WhatsApp, ba haka kawai na faɗa hannunsa ba.

Ya durƙusa ya jona na'urarsa a ramin nan na ƙarƙashin sitiyari, ya kalli allon, ya girgiza kai. Ya ce, "Yallaɓai, birenbos ne ya fara ƙonewa, kuma na irin wannan motar sai Legas." Birenbos dai shi ne kwamfutar da ke sarrafa injin. Na zaro dubu biyar kuɗin dubawa, ya mayar mini da hannuna. "Haba Yallaɓai, ai sai an gama aiki." Aka kira la'asar, ya miƙo mini butarsa, muka tsaya sahu ɗaya, kafaɗata na gogar tasa. Wannan butar ce ta kasa fita daga raina. Mutumin da ya ƙi karɓar dubu biyar, ta ina zan zarge shi? Ashe 185,000 yake hange.

Masu cewa me ya hana ni neman ganin lambar da na'urar ta nuna, na nema. Ya juya allon da sauri, ya ce abin yana da yawa. Ni ba yau na fara riƙe mota ba. Na san injin motar nan 1ZZ ne, irin na Corolla, kayansa ga su nan birjik a Sabon Gari. Har na faɗa masa haka, ya ce ai birenbos ɗin ne ya bambanta. Wa zai musa wa mai na'ura a hannu?

Na tura 120,000 a ranar. Sai 65,000 ranar Juma'a, a'a, Alhamis ce, don ranar Juma'a na ɗauki motar. Kwana uku ta yi a garejinsa. Wuta ta mutu, har godiya na yi masa.

Ƙanena ne ya fara cewa, "Yaya, ƙarar motar nan ta canza." Kafin nan ma na ji warin hayaƙi ya yi ƙarfi, rawar injin kuma tana nan. Shekaranjiya da safe na murɗa makulli ban tayar ba, duk fitilun dashbod suka kama, ban da ta cek. Alhali dole ta kama a wannan lokacin, sai inji ya tashi ta mutu.

Wani dattijo mai wayarin a Tudun Wada ya kwance dashbod a gabana. Baƙin salatif aka liƙa a kan fitilar. Ya jona tasa na'urar, ya miƙo mini na karanta da idona: P0303, wato silinda ta uku ba ta ƙona mai daidai. Kwayil ɗaya ne ya mutu, wato abin da ke ba fulogi wuta. Ɗan Beljiyam muka saya naira 12,000, rawa ta tsaya nan take. Birenbos kuwa ko ƙurar kansa ba a taɓa ba. 12,000 fa, ni kuma na biya 185,000.

Akwai lamba ta biyu, P0420. Dattijon ya ce, "Ɗana, leƙo ƙasa." Ga sabon walda a jikin salansa. An yanka, an kwashe abin da ke tace hayaƙi, wanda bakanikai ke kira indomi, an mayar da kwanko babu komai. Saye ake yi da tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke ciki, irin su filatinam. Don shi mutumin Kwangila ya riƙe motata kwana uku.

Ku karanta lambar da idonku, ku ɗauke ta hoto. Kada motarku ta kwana a wurin wanda ba ku sani ba. Ku murɗa makulli ku ga wutar cek kafin ku biya.

Rasit ɗin banki biyu, hoton salatif, hoton waldan da saƙonninsa na murya duk suna wayata, zan sa su da daddare. Tun shekaranjiya na kira shi sau goma sha ɗaya, ba ya ɗagawa. Gobe da safe ni da ƙanena za mu kai ƙara wurin 'yan sanda.