Aikin kamfani da aikin gwamnatin tarayya: wanne ya fi kare iyali?

Ɗan'uwa ya ce an ba shi takardun ɗaukar aiki biyu, ɗaya daga wani kamfani mai zaman kansa a Kano wanda albashinsa ya fi tsoka, ɗaya kuma daga wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. Yana da mata biyu da 'ya'ya shida, yana kuma son sanin inda iyalinsa za su fi samun kariya.

Malam, fara da fansho, domin a nan aka fi yi wa ma'aikaci rufa-ido. Dokar fansho ta 2014 ta hau kan gwamnati da manyan kamfanoni baki ɗaya: ana cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai aiki kuma ya zuba kashi 10. Sai dai ana lissafin ne a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na mota, don haka wasu kamfanoni sukan ƙanƙance waɗannan ukun, su jibge sauran kuɗin a wasu alawus-alawus, har mai babban albashi ya wayi gari asusunsa bai taka kara ya karya ba. Ka nemi a ba ka fashin baƙin albashin a rubuce. Sannan ka samu wani tsohon ma'aikacin wurin ka tambaye shi ko saƙon shigar kuɗin fansho yana zuwa wayarsa kowane wata, saboda cirewa daban, turawa daban. Dokar ta kuma wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, abin da mai iyali irin naka bai kamata ya ji nauyin tambaya ba.

Batun lafiya ya fi shafarka. Inshorar ma'aikatan tarayya a ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, tana ɗaukar ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma za ka biya kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. Ke nan ɗaya matar da yara biyu sai ka yi musu ƙarin rajista daga aljihunka. A kamfani kuwa abin ya danganta da yarjejeniyar da suka ƙulla: wani tsarin ya fi na gwamnati nesa ba kusa ba, wani kuma da ƙyar ya wuce zazzaɓin cizon sauro. Ka duba jerin asibitocin, ka kuma tambaya ko tiyatar haihuwa tana ciki.

A hutu gwamnati ce kan gaba, domin manyan ma'aikatanta suna samun kwana 30 a shekara, tun 2021 kuma aka amince wa maza da hutun kwana 14 idan an yi musu haihuwa, alhali dokar ƙwadago hutun shekara na kwana shida kacal ta tilasta wa kamfani. Rancen gida na asusun gidaje na ƙasa, wato NHF, mai ruwa kashi 6 cikin ɗari, ban ga ya isa a gina hukunci a kansa ba, saboda samunsa yana jan lokaci.

A ganina, idan kamfanin ne da kansa zai ɗauke ka aikin dindindin, yana tura fansho a kan kari, kuma rarar albashin za ta biya inshorar mutum ukun da suka rage, to ka karɓa. Idan kuwa ta hannun ɗan kwangila za a ɗauke ka, ana sabunta takarda duk shekara, aikin gwamnatin ya fi maka.