Sharhina a kan haɗa menu da sassan shafi a WordPress, bayan wata uku ina amfani da shi

Ni dai abinci nake dafawa a nan Makka wajen titin nan da ake kira Shari'a Mansur, tuwo da miyar kuka, masa, dambu, fura in an dace da nono mai kyau, kuma yawancin masu saye alhazai ne da 'yan Umara da suka gaji da kabsa. Ƙanena ne ya buɗe min shafi a WordPress, shafi ɗaya tal amma dogo kamar layin shiga Rauda, abinci a sama, farashi a tsakiya, yadda ake kai wa masauki can ƙasa. Matsalar ita ce Hajiya za ta buɗe a waya ta ja ta ja ta gaji, sai kawai ta kira ni ina tsakiyar tuƙa tuwo tana tambayar abin da ke rubuce ɓaro-ɓaro a shafin.

Ashe maganin ba wani abu ba ne. A wurin gyara shafin a WordPress ki danna kan taken sashen, a gefe akwai Advanced, ƙarƙashinsa HTML anchor, sai ki rubuta suna misali farashi. Daga nan ki je wurin menu ki zaɓi Custom Links ki sa #farashi a gurbin adireshi, shi ke nan, halas. Ba fulogin, wato ƙarin manhajar da ake sa wa WordPress, ba komai, ko riyal ɗaya ban kashe ba, mutum na taɓa Farashi a sama sai ya tsinci kansa a wurin.

Amma fa na sha wuya kafin ya zauna, kuma rabi laifina ne. Na rubuta Farashi da babban baƙi a wuri ɗaya, ƙarami a ɗayan, wallahi yini guda ina dannawa ko motsi, ashe sai sun zo iri ɗaya sak, kuma ba a barin fili tsakanin kalmomi, dole na mayar da sunan sashen kai wa masauki kai-masauki da ɗan layi. Sai kuma kan shafin nan da ke manne a sama ya riƙa rufe taken in an sauko, mutum ya ga kuɗi bai ga na mene ne ba, wannan kam ƙanena ne ya gyara da wani layin CSS, rubutun da ke tsara fasalin shafi, wai shi scroll-margin-top, ni dai na ga ya daidaita.

Da muka ƙara shafin hotuna ma linkin ya ƙi aiki daga can, sai da aka sa cikakken adireshin shafin farko sannan /#farashi a ƙarshe.

Abin da ya fi burge ni ma ba menun ba ne, yanzu in an tambaye ni a WhatsApp nawa ne masa, linkin nake turawa ya buɗe daidai kan farashin. Tauraro 4 cikin 5 na ba shi, ɗayan na riƙe saboda wanda bai da ƙane irin nawa zai yi ta fama da taken da ke ɓuya. Kafin azumi zan ƙara #buda-baki in sha Allah, ba da ɗ mai lanƙwasa ba don kar a samu matsala wajen turawa.