Kirim, bota da burodin jiya: saƙo daga Mancesta

Assalamu alaikum Yaya, ya gida, ya yara? Kin tambaye ni ko kayan zaƙin Ingila sun kai yadda ake kururuta su. Na kanti bai kai ba, na gida kuwa ya wuce, kuma sirrin yana cikin kirim da bota.

Kirim a nan iri-iri ne, kowanne da aikinsa. Akwai mai ruwa-ruwa, maiƙonsa kusan kashi 18 cikin ɗari, wanda ake kwararawa a kan tuffa da aka gasa. Wanda suke kira dabul kirim ya kai kashi 48, kina bugawa kaɗan zai tashi ya tsaya, in kika zarce kuma ya tsinke ya koma bota. Sai na yankin Devon da Cornwall, wanda ake dafawa a hankali har ya yi ɓawo rawaya a sama, kashi 55 ne, cokali ma tsayawa yake a ciki. A cikin manyan kantunan nan, na Aldi da Lidl ya fi arha, kuma a girki ban ji ya gaza na kantin Marks & Spencer ba. Sai dai ba ya jimawa ko a firiji, shi ya sa da yamma suke manna masa takardar ragi. Kirfa da zabibi kuwa shagunan 'yan Pakistan nake zuwa, can ake samun babbar leda maimakon 'yar kwalba.

Abin da ya raba ni da kayan zaƙin kanti shi ne jelatin, wato sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabba don daskarar da abinci. Da yawa daga masu santsin nan da na alade ake ɗaure su, wasu kuma da giya a ciki. Gaskiya sun kyauta wajen rubuta komai a jikin roba, amma mutum ya gaji da tsayawa karatu a gaban firiji, ga zaƙin ya yi yawa har ya danne ɗanɗanon madarar.

Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta koya mini gashin burodi da bota. Burodin jiya ake so, wanda ya fara bushewa. Ki shafe kowane yanki da bota har gefe, ki jera a kwano, ki watsa zabibi a tsakani, ki kaɗa ƙwai da madara da kirim da sukari ki zuba. Sai ki ƙyale shi rabin awa ya sha, kafin ya shiga tanda. Samansa ya yi ƙamas-ƙamas, cikinsa na rawa.

Tana shafa botar nan da kauri tana ba ni labari. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta ƙayyade abin da kowa zai iya saya, an fara raba sukari da bota da kati a 1940, sukari bai samu 'yanci ba sai 1953, bota sai 1954. Ta tashi tana ganin mahaifiyarta na kankare takardar bota da wuƙa, tana tara sukarin makonni don ranar haihuwar yaro ɗaya. Har yau ba ta zubar da burodi, kuma ba ta yarda a rage bota a wannan girki, ko likita ya yi magana. Jikokinta sun fi son na kanti, abin yana damunta, ni ma ya dame ni.

In kin gwada, kada ki cika wuta, ƙwan zai guntse ya saki ruwa. Ki gaida Inna da kyau.