Katakon asali ko allon MDF: da wanne kafinta zai yi aiki?

Katakon asali yana da rai ko bayan an sare bishiyar. In iska ta yi danshi sai ya kumbura ta faɗinsa, in ta bushe ya tsuke, shi ya sa ƙofar da aka yi da ɗanyen katako ke kafewa ko ta tsage. Amma in ya bushe sosai, yana riƙe kusa tamau, kuma teburin da ya ƙwarzane za a iya goge shi da samfefa ya dawo sabo.

Shi kuwa MDF, zaren katako ne aka kwaɓa da gam aka matse da zafi. Fuskarsa sumul, fenti na kwanciya a kai ba gargada. Matsalarsa ruwa. Bari ƙasan kabad ya jiƙe, sai ya kumbura ya fara marmashewa, kuma ba ya komawa yadda yake. Gefensa ma ba ya riƙe sukuru da kyau, ga ƙura mai laushi idan ana yanka, dole a rufe hanci.

Ni dai kujera da ƙafar gado sai katakon asali. Ƙofar kabad mai fenti, MDF ya isa.